Yadda Direban Nouveau Ke Tayar da Sababbin Katinan NVIDIA

Katin hoto na zamani ba ya aiki sai an ɗora masa wata manhaja da ke gudana a cikinsa, wadda ake kira famwaya. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, manhajar direba ce ke ɗauko ta daga ma'ajiya ta zuba wa katin. A Linux, buɗaɗɗen direban katinan NVIDIA shi ne Nouveau, wanda masu sa-kai suka gina ta hanyar bin diddigin yadda direban kamfanin ke magana da kati.

Da can su da kansu ke rubuta famwayar. Amma daga katinan GTX 970 da 980 na 2014, kati ya daina karɓar duk wadda ba ta ɗauke da hatimin kamfanin. A 2016 NVIDIA ta saki wasu fayiloli masu hatimi, ta riƙe wanda ake bukata don ƙara wa kati gudu. Haka kati mai tsada ya koma tafiyar hawainiya, bai wuce gudun da ya tashi da shi ba.

Katinan RTX 20 na 2018 sun zo da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai suna GSP, wadda ke kula da wuta da gudu daga cikin katin. Nouveau ya fara amfani da ita a Linux 6.7, cikin Janairun 2024. Tayar da ita hawa-hawa ne. Direba zai fara tono wata ƙaramar manhaja daga BIOS na katin, ita kuma ta keɓe wani yanki na ma'adanar katin, ta kulle shi yadda direban kansa ba ya iya leƙawa. Sai wani sashe mai suna SEC2 ya duba hatimi, ya shigar da babbar famwayar ciki. GSP na farkawa, aikin direba ya koma aika saƙo da jiran amsa.

Gudu ya samu, amma ba a banza ba. Fayilolin sun kai gomman megabait, suna kumbura kunshin da Linux ke buɗewa da farko wajen tashi. Tsarin saƙonnin kuma yana canzawa daga fitowa zuwa fitowa, dole direba ya jingina da guda, kamar 535.113.01 da aka fara da ita. Buɗaɗɗen direba ne, gaskiya, sai dai babban aikin ya koma cikin rufaffen fayil. A 2024 injiniyoyin Red Hat suka sanar da Nova, sabon direba a harshen Rust, domin katinan da ke da GSP kaɗai.