Talauci Mai Ɗorewa da Matan da Ke Ɗauke da Shi

Masu binciken raya ƙasa sun kasa talauci gida biyu. Akwai na wucin gadi, wanda fari ko gobara ko karyewar jari ke jefa mutum a ciki, ya fita bayan damina ɗaya ko biyu. Akwai kuma mai ɗorewa, wanda ke kai shekara 5 ko fiye, har 'ya'ya su gaje shi. Wannan na biyun ne ya fi damun mu, kuma mata sukan daɗe a cikinsa ba a gan su ba, domin ƙididdiga gida-gida ake yin ta, a ɗauka cewa abin da ya shigo gida an raba shi daidai.

Gaskiyar lamarin takan bayyana ranar da miji ya rasu ko aure ya mutu. Shari'a ta ba matar mamaci sumuni idan akwai 'ya'ya, amma sau da yawa gona takan zauna a hannun 'yan'uwan mamacin shekara da shekaru ba a raba ba. Uwar marayu da ba ta da gona ko jari sai ta cire 'yarta daga makaranta ta ɗora mata talla, yarinyar kuma ta yi aure ba karatu ba sana'a.

A 2002 ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara ba matan da suka fi kowa talauci saniya ko awaki, tare da kuɗin abinci na wasu watanni don kada yunwa ta sa su sayar da dabbar, ga jami'i mai kai ziyara. Binciken da aka wallafa a 2015 kan ƙasashe 6, har da Gana da Habasha, ya nuna ribar tana nan shekara guda bayan an janye tallafin. A Honduras ne kaɗai abin bai yi kyau ba, inda cuta ta kashe kajin da aka raba.

Fikihunmu ya riga su. Malikiyya sun halatta a ba fakiri abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya kuma suka ce a ba mai sana'a kayan sana'arsa. Saboda haka muna roƙon kwamitocin masallatai su rubuta sunan matar da kanta a rajista, su kuma tambaya ko an raba gadon mijinta kafin su miƙo mana takardarta.