Mene ne Gabiyon, Kuma Yaya Yake Kare Gaɓar Gulbi?

Duk damina sai an ji gulbi ya ci gona, a kuma ji injiniyoyi na maganar gabiyon. Keji ne na waya da ake ɗura wa duwatsu. Wani lokaci akan jera su a jikin gaɓa, wani lokaci a miƙa su cikin ruwa kamar yatsa.

Ruwa ya fi cin ƙasa a kwanar gulbi, inda ya fi gudu. Katangar da aka miƙa tana ture ƙarfinsa zuwa tsakiya, na bayanta ya lafa, yashi ya kwanta, sannu a hankali gaɓa ta dawo. Da irin wannan katangar dutse ake tare yashin teku a Kwatano.

Sai dai yashin da aka tare nan, mutanen da ke gaba aka hana, gaɓarsu ta ƙara zaizayewa. Shi ya sa ya wajaba a zauna da su kafin a aza dutse ko ɗaya.

Misali, Gulbin Maradi, wanda ambaliyarsa ta rushe tsohon garin Maradi a 1945, yana ratsa Tibiri da Gidan Rumji. Masu noman fadama a yankin, har da na Cadakori, su abin ya fi shafa.