Na'urar Webb da wuyar faɗin abu yadda yake

Ranar 25 ga Disamba, 2021, rokar Ariane 5 ta tashi daga Kourou da ke Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka, ɗauke da na'urar hangen nesa ta James Webb a naɗe kamar tabarma. Tun daga ranar nake bibiyar labarinta, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda suna da kamanninta ke sauyawa daga wannan rahoto zuwa wancan. Yau a kira ta tauraron ɗan'adam, gobe kumbo, jibi kyamara, har mai karatu ya ɗauka abubuwa uku ne daban.

Na'urar hangen nesa ce, kuma madubi ne zuciyarta. Faɗinsa mita 6.5, an haɗa shi da ɓangarori 18 masu kusurwa shida irin na saƙar zuma, kowanne an shafa masa zinariya siririya. Duk zinariyar da ke jikinsa ba ta kai giram 50 ba. Hukumar NASA ta Amurka ce ta jagoranci aikin, hukumar sararin samaniya ta Turai ta ba da rokar da wasu kayan awo, Kanada ma ta sa hannu. Wanda ya rubuta "na'urar Amurka" ya tsaya nan, ya ci haƙƙin mutane.

An kuma sha cewa ta maye gurbin na'urar hangen nesa ta Hubble. Ba haka ba ne. Hubble, wadda aka harba a 1990, tana nan tana aiki, tana zagaya duniya a nisan kilomita kimanin ɗari biyar, kusancin da ya sa 'yan sama jannati suka je gyaranta har sau biyar. Webb kuwa tana can nisan kilomita miliyan 1.5, kusan ninki huɗu na nisan wata, tana kewaya wani gurbi da masana falaki ke kira L2, tana rakiyar duniya wajen zagaya rana. In ta samu matsala, babu bakaniken da zai iso ta.

Babban bambancin yana ga irin hasken da take kamawa. Ka tsaya kusa da garwashin da toka ta rufe a cikin duhu: ba ka ganin komai, amma fatarka na jin ɗumi. Wannan ɗumin haske ne da idonmu ba ya gani, shi ake kira infirared, kuma shi Webb ke farauta. Taurarin da suka fi nisa, faɗaɗar sararin samaniya ta miƙar da haskensu har ya koma wannan nau'in kafin ya iso. Don kada zafin rana ya makantar da ita, aka yi mata laima mai rufi biyar da ta kai girman filin wasan tanis, kuma ɗaya daga cikin kayan awonta, MIRI, sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 266 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas.

Tunda ido ba ya ganin hasken da take kamawa, launukan hotunanta masana ne ke zaɓar su, gajeren zangon haske a ba shi shuɗi, dogo a ba shi ja. Wannan fassara ce, ba yaudara ba, amma wajibi ne a gaya wa mai karatu. Hoton farko da Shugaba Joe Biden ya nuna ranar 11 ga Yuli, 2022, na gungun taurarin SMACS 0723, ya ƙunshi dubban curin taurari a wani yanki na sama da ƙwayar yashi ɗaya za ta rufe in ka ɗora ta kan yatsa ka miƙe hannu. A ganina abin mamakin da ke nan ya isa, ba ya buƙatar ƙarin gishiri.

Inda ƙarin gishirin ya fi yin ɓarna shi ne batun rayuwa a wasu duniyoyi. A Agustan 2022 Webb ta tabbatar da iskar kabon dayoksaid a duniyar WASP-39b, kuma wannan magana ce tsayayya. A Afrilun 2025 kuwa, masana daga Jami'ar Kambirij suka ce sun ga alamar wani sinadari a duniyar K2-18b wanda a nan duniya ƙananan halittun teku ne suka fi samar da shi. Alama suka ce. Wasu masanan suka sake nazarin bayanan, suka ce hujjar ba ta yi ƙwari ba, amma kafin nan kanun labarai da dama sun riga sun sanar da cewa an gano rayuwa.