Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Tafiya Da Lissafin Ɗan Kasuwa

Ɗan kasuwar da ke zaune a Anguwan Rukuba cikin garin Jos, in ya yi niyyar zuwa Jidda saro kaya ko yin Umra, yakan fara tafiyarsa da mota. Filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang na zirga-zirgar cikin gida ne, saboda haka sai ya nufi Abuja ko Kano. Daga Jos zuwa Kano ta Saminaka da dajin Falgore kimanin kilomita 300 ne, abin da ke cin sa'o'i huɗu zuwa biyar.

Tsakanin babban filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda kuwa, akwai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja na gudun kilomita 850 a sa'a guda, don haka in an haɗa da tashi da sauka, tafiyar, in an bi hanya mafi kusa, ba ta cika wuce sa'o'i huɗu da rabi ba. Ke nan lokacin da mutumin Jos ke ɓatawa a mota ya yi daidai da wanda zai yi a sama, alhali nisan saman ya ninka na ƙasan fiye da sau goma. Sai kuma ya tuna cewa agogon Saudiyya na gaban na Nijeriya da sa'o'i biyu.

Hanya mafi kusa tana ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan kafin a tsallake Bahar Maliya. Daɗaɗɗiyar hanya ce. Jiragen da suka fara sauka a Kano a 1925 ta Sudan suka biyo daga Masar, haka kuma jiragen kasuwanci da suka fara zuwa daga Khartum a 1936.

Amfanin wannan hanya ya fito fili a watan Afrilu na 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta. Dole jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙaru da sa'o'i biyu ko fiye, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Dalili shi ne kowace sa'a a sama tana nufin ƙarin mai, wanda shi ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin da kamfanin jirgi ke kashewa, ga kuma harajin da kowace ƙasa ke karɓa in an ratsa samaniyarta.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya yanki tikiti, ya kamata ya bincika ko jirgin kai tsaye zai tafi, ko kuwa zai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira. Tikiti mai rahusa da zai sa a kwana a hanya yana iya komawa mai tsada in aka lissafa kuɗin abinci, da masauki, da ranar ciniki da aka yi asara.