Ƙwan kifi cikin ƙanƙara: ajiyar da ta gagari masana fiye da shekara 60

Ɗan kasuwar da ke ɗauko kifi daga jihar Difa zuwa Damagaram ko Maraɗi ya san hanyoyi uku na hana kayansa lalacewa: banda, shanya, ko ƙanƙara. Dukkansu matacce suke adanawa. Akwai kuwa wata ajiya ta huɗu da masana suka daɗe suna nema, wato a ɗauki ƙwan kifi da ya riga ya ɗauki rai, a daskarar da shi shekara da shekaru, ran da bukata ta taso a narkar da shi ya ƙyanƙyashe, ya shiga iyo. An ci nasarar haka ga ɓera, ga saniya, har ga ɗan Adam. Kifi ne ya ƙi.

Yadda aka faro

Mafarin abin a Ingila ne, a 1949, sa'ad da Christopher Polge da abokan aikinsa suka gano cewa maniyyin zakara na jure daskarewa muddin an gauraya shi da gilisarin. A 1953, wani masani mai suna Blaxter ya gwada dabarar ga maniyyin wani kifin teku mai kama da sardin, wanda Faransawa ke kira hareng, ta kuma yi aiki. A 1972 aka daskarar da tayin ɓera aka farfaɗo da shi, a 1973 aka haifi maraƙi ta wannan hanya, a 1984 kuma aka haifi jaririya a Ostareliya daga tayin da ya kwana cikin sanyi.

Ana yin ajiyar cikin ruwan azot, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi duk wani motsi na rai yana tsayawa: ba girma, ba tsufa, ba ruɓa. A yau ana adana maniyyin kifaye iri-iri har ɗaruruwa ta haka. Sai dai maniyyi gadon uba kaɗai yake ɗauke da shi. Idan matan wani irin kifi suka ƙare, tulun maniyyi ba zai iya maido da irin shi kaɗai ba. Shi ya sa hankalin masana ya koma ga tayi, wanda ya haɗa gadon uwa da na uba.

Kifin da masana ke ji da shi

Wanda aka fi gwaji a kansa wani ɗan kifi ne mai zane-zane a jiki, ɗan asalin kogunan Indiya da Bangaladesh, da ake kira danio. Tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, ba ya kuma cika cokalin miya, amma darajarsa ga likitoci babba ce. Ƙwansa garau yake kamar gilashi, ana kallon yadda zuciya da ido ke tsirowa ta madubin ƙara girma, yana kuma ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwarori a jikin wannan kifi. Da shi ake nazarin ciwon daji, ciwon zuciya da gwajin magunguna.

Masana sun samar da dubban zuriyoyinsa, kowace da lalurar da ake nazari a kanta. Manyan rumbunan da ke tsaronsu suna Eugene, cikin jihar Oregon ta Amurka, da Karlsruhe ta Jamus. Riƙon zuriya da rai kuwa ɗawainiya ce: ruwa, abinci, wutar lantarki, albashin ma'aikata. Cuta ɗaya ko lalacewar famfo na iya share aikin shekara 10 cikin dare guda.

Me ya sa ƙwan ya gagara?

Duk wanda ya taɓa barin tumatir ya daskare cikin firijo ya ga matsalar da idonsa: in ya narke sai ya saki, ya zama ruwa. Dalili shi ne ruwan da ke cikinsa ya koma tsinken ƙanƙara masu kaifi, sun huda naman ta ciki. Don kauce wa haka ake shigar da sinadarin kariya cikin tayi kafin a sanyaya shi.

Tayin ɓera ko na saniya ƙanƙane ne ainun, sinadarin na ratsa shi nan da nan. Na danio ya fi shi girma kusan sau 1000, ga gwaiduwa mai kitse wadda sanyi ke ɓatawa, ga ɓawo. A shekarun 1990 Mary Hagedorn, ta cibiyar Smithsonian a Amurka, ta nuna cewa akwai wata fata da ta kewaye gwaiduwar, wadda ke tare sinadarin ta hana shi shiga.

Daga baya aka gane inda gizo ke saƙar. Ana iya sanyaya ƙwan da sauri ƙwarai har ruwansa ya sandare kamar gilashi ba tare da ya yi tsinke ba. Amma wajen ɗumama shi, in aka yi jinkiri ko kaɗan, tsinken ƙanƙarar na fitowa su kashe shi. Ashe wuyar ba ta ga daskarewa, tana ga narkewa.

Zinari da hasken leza

An ce gaggawa aikin shaiɗan, amma a nan ita ce magani. A 2017, Kanav Khosla da John Bischof na jami'ar Minnesota, tare da Hagedorn, suka bayyana wata dabara. Da siririyar allura suka tsikara ƙwan, suka zuba sinadarin kariya haɗe da ƙurar zinari wadda ido ba ya gani. Bayan sun tsoma shi cikin azot, sai suka harbe shi da hasken leza. Zinarin ya kama hasken ya mai da shi zafi a ko'ina cikin ƙwan a lokaci ɗaya, da saurin da ya kai digiri miliyan 14 a minti. Kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayayen sun yi motsi bayan awa 24. A 2020 suka ba da labarin cewa ƙalilan daga ciki sun girma har sun hayayyafa. Adadin kaɗan ne, aikin kuma na ƙwai ɗaya-ɗaya ne, amma ƙofar da ta daɗe a rufe ta buɗe.

A Japon kuwa, Goro Yoshizaki na Tokyo ya kewaya matsalar. Maimakon ƙwai, sai ya ɗauki ƙwayoyin asali waɗanda daga su ne maniyyi da ƙwai ke fitowa, ya dasa su cikin jaririn wani kifi dangi. A 2004 ya sa wani irin kifi ya haifi ƴaƴan wani irin, a 2013 kuma aka samu ƴaƴan kifi daga ƙwayoyin da aka daskarar. Ƙwayar da aka cire daga namiji, in ta shiga jikin mace, ƙwai take zama. Ke nan uwar goyo na iya maido da irin da ya ɓace.

Abin da ya shafi masunta da makiyaya kifi

A 2023 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, IUCN, ta bayyana cewa kashi ɗaya cikin huɗu na kifayen ruwan daɗi na fuskantar ƙarewa. A tabkin Biktoriya, bayan da aka zuba giwan ruwa a shekarun 1950, ire-iren ƙananan kifaye kusan 200 sun ɓace. Tabkin Cadi, mai faɗin kilomita murabba'i 25.000 a farkon shekarun 1960, ya yi asarar mafi yawan ruwansa bayan farin 1973 da na 1984, ko da yake wani sashe ya komo daga baya. Kifin da ya saba da zafin Sahel da ƙarancin ruwa dukiya ne, in ya tafi babu kasuwar da za a sayo shi.

Dabarar leza tana hannun ɗakunan bincike masu hali. Ta maniyyi kuwa tana kusa. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san cewa namijinta ba ya sakin maniyyi in an matsa cikinsa, dole a yanka shi ko a farke shi. Wato mafi kyawun namiji sau ɗaya ake morarsa. Da tulun azot, abin da aka cire daga gare shi zai yi aiki shekaru. Tulun ba ya bukatar wutar lantarki, sai dai a riƙa ƙara masa azot a kan kari, kamar yadda likitocin dabbobi ke yi wajen ajiyar maniyyin bijimai.

Su kansu masanan sun yarda cewa tulu ba ya maye gurbin ruwa. Irin da manomi ya ɓoye cikin rumbu sai da gona yake tsira. Ƙwan da aka farfaɗo da shi bayan shekara 50 zai bukaci kogin Kwara, Komadugu ko tabkin Madarumfa suna nan da ruwansu kafin a sake shi.