Damuwa da lafiyar jiki

Damuwa yanayi ne da mutum ke shiga idan ya fuskanci barazana ko wani nauyi da yake ganin ya fi ƙarfinsa. Ba a tunani kaɗai take tsayawa ba. Tana sauya bugun zuciya, numfashi, narkewar abinci, barci da ƙarfin garkuwar jiki. Damuwa ta ɗan lokaci tana taimaka wa mutum ya kauce wa haɗari, amma idan ta daɗe tana yin illa ta hanyoyi biyu: ta sinadaran da jiki ke fitarwa, da kuma ta ɗabi'un da mutum ke kamawa don neman sauƙi, kamar shan taba, shan ƙwaya ko yawan cin kayan zaƙi. Harshen Hausa ma yana alaƙanta motsin rai da sassan jiki, kamar a kalmomin farin ciki, baƙin ciki, faɗuwar gaba da tafasar zuciya.

Tarihin bincike

Abu Zaid al-Balkhi (850–934), malami daga yankin Balkh a Afghanistan ta yau, ya rubuta littafin Masalih al-Abdan wa al-Anfus, inda ya yi bayani kan tsoro, fushi, baƙin ciki da waswasi, ya kuma nuna cewa ciwon rai da ciwon jiki suna shafar juna.

A shekarar 1822 wani likitan sojan Amurka, William Beaumont, ya yi jinyar Alexis St. Martin, wanda harbin bindiga ya bar masa rami a ciki da bai rufe ba. Ta wannan ramin likitan ya riƙa duba tumbinsa, ya lura cewa fushi da tsoro suna rage ruwan da ke narkar da abinci. Ya wallafa abin da ya gani a 1833.

A 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana yadda tsoro da fushi ke shirya jikin dabba don faɗa ko gudu. A 1936 Hans Selye na Jami'ar McGill da ke Kanada ya gano cewa ɓerayen da aka wahalar ta hanyoyi daban-daban sun nuna illa iri ɗaya, har da gyambon ciki. Ya raba martanin jiki zuwa mataki uku: firgita, jurewa, da ƙarewar ƙarfi.

Yadda jiki ke mayar da martani

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, tana aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, masu suna adirinal. Cikin daƙiƙoƙi suna sakin sinadarin adiranalin. Zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, hanta ta saki suga cikin jini, jini kuma ya karkata daga hanji zuwa tsokoki. Shi ya sa mai tsoro ke jin bakinsa ya bushe, hannunsa na gumi.

Bayan mintuna sai sinadarin kotisol ya biyo baya. Aikinsa shi ne ya ci gaba da samar da suga a jini, ya kuma rage ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar gyaran jiki da wasu ayyukan garkuwa. Idan haɗari ya wuce, sinadaran suna sauka. Matsalar ita ce jiki yana mayar da irin wannan martani ga bashi, rashin aiki, rikicin gida ko fargabar jarabawa, abubuwan da kan ɗauki watanni ba su ƙare ba.

Illa ga gaɓoɓi

Zuciya: Damuwa mai ɗorewa tana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Binciken INTERHEART, wanda aka yi a ƙasashe 52 aka wallafa a 2004, ya sanya matsin rai cikin manyan abubuwa 9 da ke da alaƙa da bugun zuciya. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitoci a yankin Munich sun ga cewa masu zuwa da matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau 2 a ranakun da Jamus ke wasa. Akwai kuma ciwon takotsubo da aka fara bayyanawa a Japan a 1990, inda mummunan labari, kamar na rasuwa, ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya. Ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma yawancinsu suna warkewa cikin makonni.

Garkuwar jiki: A wani gwaji da Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka wallafa a 1991, an ɗiga wa mutum 394 ƙwayoyin cutar mura a hanci. Kashi 27 cikin 100 na masu ƙarancin damuwa sun kamu, yayin da adadin ya kai kashi 47 a tsakanin waɗanda suka fi damuwa. Wani bincike na 1995 ya nuna cewa rauni ya ɗauki ƙarin kusan kwana 9 kafin ya warke a jikin matan da ke jinyar 'yan uwansu masu cutar mantuwa.

Ciki: Damuwa tana jawo ƙwarnafi, gudawa ko rashin cin abinci. An daɗe ana zaton ita ce ke haddasa olsa, har sai da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna cewa ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce babbar sila, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Saboda haka mai olsa yana buƙatar gwaji da magani, ba hutu kaɗai ba.

Neman jin daɗi

A 1954 James Olds da Peter Milner sun sanya waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, yadda duk lokacin da ya danna wani maɓalli zai ji ɗan motsin lantarki. Ɓerayen sun riƙa dannawa babu ƙaƙƙautawa. Wannan gwajin ya buɗe hanyar fahimtar sashen lada na ƙwaƙwalwa, wanda ke aiki da sinadarin dofamin. Binciken Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya nuna cewa dofamin ya fi alaƙa da kwaɗayin abu fiye da jin daɗinsa. Wannan ne ya sa mashayi ke ci gaba da nema ko da daɗin ya gushe.

Mutumin da ke cikin damuwa ya fi saurin faɗawa wannan tarko, domin taba, giya, ƙwaya da abinci mai suga ko maiƙo suna ba da sauƙi na ɗan lokaci. A hankali ƙwaƙwalwa takan saba, sai a buƙaci ƙari, rashin samu kuma ya zama sabuwar damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, giya kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin miliyan 2.6 a 2019. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Hanyoyin kariya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Likitoci suna ba da shawarar barcin da bai gaza awa 7 ba. Zumunci ma yana da tasiri: wani nazari na 2010 da ya haɗa bincike 148, na sama da mutum 300,000, ya nuna cewa masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi tsawon rai. Numfashi a hankali, ibada da hira da amintacce suna taimakawa wajen kwantar da hankali.

Ana buƙatar ganin likita idan baƙin ciki ko rashin barci ya wuce mako 2, ko idan mutum ya kasa barin wani abin maye. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko tunanin kashe kai suna buƙatar zuwa asibiti nan take.