Zumunci a Ƙafa Yake: To, In Ƙafar Ta Tsufa Fa?

Wanda ya tsaya a tashar bas a wani gari na Ingila da safiyar ranar aiki, wajen ƙarfe tara da 'yan mintoci, zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Tsofaffi ne a jere, wata da sandar dogarawa, wani da jakar cefane mai taya. Mota ta zo ta buɗe ƙofa, ba wanda ya motsa, ta rufe ta wuce. Sai ƙarfe 9:30 ta cika sannan ka ga kowa ya miƙe yana laluben aljihu. Abin da ake lalubowa ɗan kati ne mai ɗauke da hoton mai shi da zanen jan fure. Daga wannan lokaci zuwa ƙarfe 11 na dare, mai katin nan ba ya biyan ko sisi a motocin bas na cikin gari, ko'ina a faɗin Ingila. Ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu kuwa, dare da rana kyauta ne. Masu gaggawa daga cikinsu kan leƙa su tambayi direba ko sun yi sammako, har direbobi suka laƙaba musu sunan tsokana daga wannan tambaya.

Katin bai faɗo daga sama ba. Wasu garuruwa sun daɗe suna yi wa tsofaffinsu rangwame bisa raɗin kansu, kowanne gwargwadon ƙarfinsa. A Landan, babbar majalisar birnin ce ta fara bai wa tsofaffi tafiya kyauta a 1973. Da gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe wannan majalisa a 1986, sai ƙananan hukumomin birnin su 33 suka ɗauki nauyin, kuma har yau su ke biyan kuɗin katin da ake kira Freedom Pass, wanda ke aiki a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sauran ƙasar ta biyo baya sannu a hankali. A 2001 doka ta wajabta rangwamen rabin kuɗi. A 2006 ya zama kyauta, amma iyaka cikin yankin ƙaramar hukumar da mutum yake zaune. Ranar 1 ga Afrilu 2008 aka buɗe shi ya game Ingila gaba ɗaya, ta yadda tsohuwar da ke Mancesta za ta iya shiga bas a wani gari na bakin teku da katinta na gida.

Da farko da zarar mutum ya cika shekara 60 ya cancanta. Tun 2010 aka ɗaura abin a kan shekarun karɓar fanshon gwamnati, ya riƙa hawa har ya kai 66, kuma an tsara ya kai 67 tsakanin 2026 da 2028. A Sikotlan da Wales, inda gwamnatocin yanki ke da iko da harkar, har yanzu 60 ne. Wato maƙwabta biyu sa'o'in juna, ɗaya a wannan gefen iyaka ɗaya a wancan, sai ɗaya ya riga ɗaya da aƙalla shekara shida.

Mutum zai iya tambaya, mene ne na damuwa da kuɗin motar tsoho a ƙasar da mafi yawan gidaje ke da mota? Amsar tana cikin yadda tsufa ke zuwa. Ido ya rage gani, gwiwa ta fara ƙara, hannu ya fara rawa. A Birtaniya, da mutum ya kai shekara 70 sai ya sabunta lasin tuƙi, daga nan kuma duk bayan shekara uku. Ranar da ya ajiye makulli, ko ranar da mijin da ke tuƙa ta ya rasu, duniyar tsoho takan tsuke ta koma iyakar inda ƙafa za ta iya kai shi. 'Ya'ya suna wasu garuruwa, maƙwabta kowa ya rufe ƙofarsa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen da suka kai shekara 65 a Ingila da Wales sun haura miliyan 11, kusan mutum ɗaya cikin biyar, kuma da yawansu su kaɗai ne a gida. Mu da muka ce zumunci a ƙafa yake mun san abin da muke faɗa. Wanda ba ya iya fita, ba asibiti da kasuwa kaɗai ya rasa ba, ya rasa mutane.

Kyauta ga tsoho, amma wani ne ke biya, kuma a nan ne ƙaramar hukuma ta shigo. Ita ke karɓar takardar neman kati, ta tantance shekaru da adireshi, ta buga, ta aika. Ita kuma ke biyan kamfanonin bas. Ƙa'idar biyan tana da ban sha'awa: kada kamfani ya ci riba saboda tsarin, kada kuma ya yi asara. Ba cikakken kuɗin kowace tafiya ake ba shi ba, domin an san da yawa daga cikin tafiye-tafiyen nan da da kuɗi ne da ba a yi su ba. Sai a ƙiyasta nawa ne tsofaffin za su biya in da babu katin, a ƙara da ɗan abin da ƙarin fasinja ya jawo na mai da gyara, a ba kamfani. Wannan lissafi ya sha haddasa jayayya tsakanin ɓangarorin biyu. Kafin annobar korona, abin da ake kashewa a kan rangwamen sufuri a Ingila ya kai kimanin fam biliyan 1 a shekara, masu riƙe da katin kuma, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, sun kai kimanin miliyan 9.

To, ga inda gizo ke saƙa. Doka ta tilasta wa ƙaramar hukuma ta ba da kati, amma ba ta tilasta mata ta tabbatar akwai motar da za a shiga ba. Tun 1986, a mafi yawan yankunan da ke wajen Landan, kamfanoni masu zaman kansu ke zaɓar hanyar da za su bi da lokacin da za su bi ta. Hanyar da ba ta kawo riba, irin ta ƙauye ko ta dare ko ta ranar Lahadi, sai in ƙaramar hukuma ta ga dama ta biya kamfani tallafi ya ci gaba da bi. Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu daga 2010, kuɗin da gwamnatin tsakiya ke turo wa ƙananan hukumomi ya ragu ƙwarai. A 2011 kuma aka daina ware kuɗin katin daban, aka cuɗa shi cikin kason gaba ɗaya. Ƙungiyar ƙananan hukumomin ƙasar ta yi ta kukan cewa giɓin da ke tsakanin abin da ake ba su da abin da suke kashewa a kan katin ya kai ɗaruruwan miliyoyin fam a shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: 'yan siyasar gwamnatin tsakiya ke shan yabo, majalisar gunduma ke neman inda za ta yanko.

Ina za ta yanko? Kula da tsofaffi marasa lafiya da yara marasa galihu wajibi ne, kuma shi ke cinye kaso mafi tsoka na kasafinta. Katin bas wajibi ne. Abin da ya rage a hannunta shi ne wanda doka ta bar wa ganin damarta, kuma tallafin hanyoyin bas yana sahun gaba. Gundumar Cumbria ta janye nata tallafin a 2014, Oxfordshire ta bi sahu a 2016. Northamptonshire a 2018, Birmingham kuma a 2023, sai da suka fito fili suka bayyana cewa kuɗin shigarsu ba zai iya ɗaukar kashe-kashensu ba. Sakamakon shi ne tsoho a ƙauye da kati sabo fil a aljihu, motar da ke zuwa garinsu kuwa sau ɗaya a mako, ko ma ta daina zuwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A ganina wannan shi ne babban aibin tsarin, kuma ba na lissafi ba ne, na tunani ne: an kare abin da ake iya nunawa a hoto, an bar abin da ke sa shi amfani.

Akwai kuma waɗanda ko motar tana zuwa kullum ba za ta yi musu rana ba, domin tafiyar mita ɗari biyu zuwa tasha ta fi ƙarfinsu. Don irinsu aka yi motar da ake kira ta waya. Mutum ya yi rajista, ya buga ya faɗi rana da inda za shi, ƙaramar bas mai matakalar ɗaga keken guragu ta zo har ƙofar gida. Landan tana da irin wannan, tana kuma da katin tasi mai rangwame wanda ƙananan hukumomin birnin ke sa kuɗi a ciki. A karkara yawanci ƙungiyoyin sa kai ke yin aikin. Dokar sufuri ta 1985 ta ba su izini na musamman su ɗauki fasinja ba don riba ba. Sau da yawa direban shi ma ɗan fansho ne da bai kai ga gajiya ba, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ɗan tallafin mai da inshora. Kuɗi kaɗan ne, amma ranar da aka janye shi motar takan tsaya.

Sannan in an fita, ina za a? Wannan rabin maganar ne da ake yawan mantawa. Mota hanya ce kawai, dole a sami wurin zuwa. A garuruwan Ingila akwai zaurukan unguwa inda tsofaffi ke haɗuwa cin abincin rana sau ɗaya ko biyu a mako, akwai ajin motsa jiki na zaune a kujera don rage faɗuwa, akwai ƙungiyoyin tattaki, da na saƙa, da na koyon waya da kwamfuta a ɗakin karatu. Maza, waɗanda ba su cika son zama a yi ta hira ido da ido ba, an samo musu dabara daga Ostareliya: rumfar aikin hannu, inda za su taru suna feƙe katako suna gyaran keke, hirar ta zo da kanta. Ƙaramar hukuma ba ita ke gudanar da mafi yawan waɗannan ba. Takan ba da ɗaki, ko ta biya wuta da ɗumama, ko ta ba ƙungiya irin Age UK kwangila. A hunturun 2022, da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, ƙananan hukumomi da yawa sun buɗe ɗakunan karatu da zaurukansu don wanda ba ya iya ɗumama gidansa ya zo ya zauna ya sha shayi.

Hujjar kashe wannan kuɗi ba tausayi kaɗai ba ne. Dokar kula da manya ta 2014 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin rigakafi, wato su yi abin da zai hana ko ya jinkirta ranar da mutum zai buƙaci a kula da shi. Tsohuwar da ke fita sau uku a mako tana taka ƙafa, tana cin abinci mai zafi, kuma in ba a gan ta ba ranar Talata akwai wanda zai tambaya. Wadda ta kulle a ɗaki, sai ta faɗi ta karye sannan a san halin da take ciki, kuma kuɗin jinyarta ya ninka na abincin rana sau ba adadi. Abin ya kai a Janairun 2018 Firaminista Theresa May ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici. Mutane da yawa a duniya sun yi dariya. Amma daga baya asibitocin unguwa suka fara ɗaukar ma'aikatan da aikinsu shi ne su haɗa majinyaci da wata ƙungiya ko wani aji, maimakon a ƙara masa ƙwaya. Sai dai ma'aikacin ba zai tura mutum zauren da aka rufe ba.

Mancesta ta nuna cewa ba komai ne sai da maƙudan kuɗi ba. A 2010 ta zama birnin farko a Birtaniya da ya shiga ƙawancen biranen da ke kyautata wa tsofaffi, na Hukumar Lafiya ta Duniya. Cikin abubuwan da aka yi har da roƙon masu kantuna su ajiye kujera su manna alama a ƙofa, don tsoho ya san zai iya shiga ya huta ko bai sayi komai ba. Benci a hanya, makewayi a buɗe, fitilar tsallaka titi da ke ba mai sanda isasshen lokaci. Daga 2023 kuma yankin ya fara mayar da motocin bas ƙarƙashin ikon hukuma, ita ke tsara hanya da lokaci da farashi, kamar yadda Landan ta daɗe tana yi.

Akwai masu cewa bai kamata a ba attajirin tsoho kati kyauta ba alhali matashi mai neman aiki yana biya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma attajirin ba ya cika hawa bas, kuma ba a biyan kamfani sai an yi tafiya, don haka katinsa da ke kwance a aljihun tebur ba ya cin kuɗin kowa. In kuwa aka ce sai talaka, to katin ya zama shaidar talauci, kuma akwai dattawan da za su gwammace su zauna a gida da su nuna shi.

Mu a nan Najeriya, dattijo bai kai ga irin wannan kaɗaici ba. Masallaci yana kusa, majalisa tana ƙofar gida, jikoki suna kai da kawo. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya fara raba zumunci, kuma ɗan fansho da ke zuwa tantancewa ko karɓar magani ya fi kowa sani. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa kasuwanni da tashoshin mota a hannun ƙananan hukumomi 774, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Shugaban ƙaramar hukumar da ke son yi wa dattawa wani abu ba sai ya fara da buga kati ba. Ya fara da zama da shugabannin tasha a kan motar ranar kasuwa da ta ranar asibiti, da rumfa da benci a inda ake jira.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku, tambaye shi yau yaushe rabonsa da zuwa gidan ɗan'uwansa, kuma nawa ne kuɗin motar zuwa da dawowa.